Idan Hatsari Ya Sami Uba Ko Uwa A Tsakiyar Daji



Idan bazara ta tsananta, ciyawa ta ƙare, idon mai bisashe yakan koma kan gawo. Gawo icce ne da ke zubar da ganye da damana, ya fitar da sabo da rani. A ƙasashen Magarya, Matamai da Mirya ya cika gonaki, domin tun shekarun 1980 manoma suke raya itatuwa. Magidanta suna hawa su saro wa dabbobi reshe. A ƙarshen damana kuma ana hawan kuka don ganyen miya. Mata suna shiga daji irin na Baban Rafi ko na Takeita neman itacen wuta. Makiyaya suna yin nisa a arewacin Dakwaro, Tanut da Abalak.

A irin waɗannan wurare ne hatsari ke samun iyaye. Reshe ya karye da mutum. Gatari ya kuɓuce ya sari ƙafa. Amalanke ya kife. Sa ya tunkuyi mai shi. Gidan likita yana da nisa, kuma sau da yawa ba kowa a wurin sai yaro ko yarinya.

Faɗuwa in ta faru ta faru. Abin da ya rage a hannunmu shi ne awoyin da ke biye da ita. Akan sami mutum ya faɗo yana iya motsa ƙafafunsa, amma ɗaukar da aka yi masa ta gurgunta shi. Wannan bayani zai nuna abin da ya kamata a yi tun daga gindin icce har ranar da majinyaci zai koma gona. Duk abin da muka faɗa game da uba, haka yake game da uwa.

Me ya sa ɗauka ke da hatsari?

Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere, 7 daga cikinsu a wuya. Sun yi kama da ƴaƴan tasbaha. Zaren da ya ratsa tsakiyarsu shi ne laka. Ta cikin laka ƙwaƙwalwa ke aika umarni zuwa hannuwa da ƙafafu, har da riƙe fitsari da bayan gida.

Ƙashi in ya karye yana haɗewa. Laka in ta tsinke ba ta haɗewa, ko a asibiti ko a wurin maɗori. Wani lokaci faɗuwa tana fasa ƙashin baya amma lakar tana nan lafiya. Idan aka zaunar da mutumin, ko aka saɓa shi a kafaɗa, ko aka ɗora shi a babur, ƙashin da ya fashe zai goce ya yanke lakar.

Ga alamun da ke nuna baya ko wuya ya taɓu: zafi mai tsanani a wuya ko a gadon baya, jin kamar tururuwa na yawo a hannu ko ƙafa, kasa motsa yatsu, ko fitsari ya kuɓuce. Ko babu waɗannan alamu, duk wanda ya faɗo daga saman icce a ɗauka bayansa ya taɓu, har sai likita ya duba.

Abin da za a fara yi

1. Ka natsu, ka duba wurin. Ko akwai reshe a rataye? Ko ƙudan zuma sun tashi? Ko san da ya yi tunkuyin yana kusa? Mai ceto in ya ji rauni, majinyata sun zama biyu.

2. Ka durƙusa kusa da kansa ka yi masa magana. Ka ce: «Baba, kada ka motsa, ina nan.» Kada ka girgiza shi. Kada ka ja hannunsa don ya tashi. Kada ka taka masa baya wai don ya miƙe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

3. Ka dubi ƙirjinsa, ka ga ko yana numfashi. Idan ya suma, ko yana amai, a juya shi ya kwanta ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. A juya jikin gaba ɗaya kamar gungumen icce, wani yana riƙe da kai daidai da jiki.

4. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa ko fura ko jiƙo. Zai wuce cikin huhu. Wanda ke cikin hankalinsa, cikinsa kuma bai bugu ba, ana iya ba shi ruwa kurɓi kaɗan kaɗan idan tafiya na da nisa.

5. A yi masa inuwa inda yake. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40. A kafa sanduna a rataya zane, maimakon a ja shi zuwa inuwa. In da hunturu ne ko da dare, a lulluɓe shi, domin wanda ya zubar da jini yana saurin jin sanyi.

Tsayar da jini

Jinin babban mutum kusan lita 5 ne. In lita 2 ta zuba, rai yana cikin hatsari. Don haka jinin da ke kwarara ba ya jiran a kai gari.

A ninke tufa mafi tsabta da ke kusa, ko rawani ko kallabi ko mayafi. A ɗora bisa raunin, a danna da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa. In jini ya ɓullo, a ƙara wani ƙyalle bisa na farko, a ci gaba da dannawa. In ya tsaya, a ɗaure. Idan tsinken icce ko ƙarfe ya shige jiki, kada a zare shi. Shi ne ya toshe hanyar jinin. A tare shi da ƙyalle ta kowane gefe, likita ne zai cire.

Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa, dannawa kuma ta kasa, sai a yi ɗaurin ceton rai. A sami ƙyalle mai faɗin yatsa uku. A ɗaura shi sama da raunin, ba a kan gwiwa ba. A sa ɗan sanda a murɗa har jinin ya tsaya. Kada a yi da igiya ko waya. A riƙe lokacin da aka ɗaura, a gaya wa likita, kuma kada a kwance a hanya. Wannan ɗauri na jini mai tsartuwa ne kawai. Ba a yin sa don saran maciji.

Kada a zuba ƙasa, toka, kashin shanu ko garin taba a rauni. A cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar cutar tetanos take zaune. Ita ce cutar da ke ƙage muƙamuƙi, ta sandarar da jiki, kuma tana kisa.

Idan ƙashi ya karye

Kada a ja gaɓar don a daidaita ta. A tallafe ta yadda aka same ta. A sami sanduna biyu ko damin karan dawa, a naɗe su da tufa, a sa ɗaya kowane gefe. Tsawonsu ya wuce mahaɗar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa. A ɗaure ba da tsanani ba, a bar yatsu a waje ana dubawa. In ba sanda, a haɗa ƙafar da ta karye da mai lafiya a ɗaure.

In ƙashi ya huda fata ya fito, kada a mayar da shi ciki. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Irin wannan karaya tana bukatar wanki da allura a asibiti a ranar, domin ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

Karayar cinya tana da hatsari ko da fata ba ta fashe ba. Jini fiye da lita 1 yana iya taruwa a cikin cinyar.

Raunin da ido ba ya gani

Wani yakan faɗo ya tashi, ya kakkaɓe jiki, ya ce ba komai. Bayan awoyi sai ya rikice. Jini ne ke zuba a cikin kai ko a cikin ciki.

Alamun bugun kai su ne: amai, barci mai nauyi, ruɗewar magana, ciwon kai da ke ƙaruwa, farfaɗiya, jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci.

Alamun zubar jini a ciki su ne: gumi mai sanyi, ƙishirwa mai tsanani, jiri, ciki ya yi tauri, cikin fatar ido ya yi fari, zuciya tana bugawa da sauri. Saifa tana ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, kuma tana saurin fashewa idan wurin ya bugu.

Wanda ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kada a kwana da shi a gida. Kada a ba shi asfirin, domin tana ƙara zubar jini.

Kai labari

In mutum biyu ne a wurin, ɗaya ya tsaya, ɗaya ya tafi. In yaro ne shi kaɗai, ya fara ɗaure rauni, ya yi inuwa. Sannan ya ɗaura ƙyalle mai haske a icce mafi tsawo da ke kusa, don a gane wurin. Sai ya nufi zango ko rijiya ko ƙauyen da ya fi kusa. In akwai salula babu rezo, a hau tudu a gwada.

Mai kai labari ya faɗi abu huɗu: wane ne, a ina yake, me ya same shi, da yaushe. Ya ambaci alamar da kowa ya sani, kamar burtali ko tsohuwar rijiya ko gonar wane. Ya ce a zo da ƙyaure, da zannuwa, da ruwa, da maza huɗu ko biyar.

A manyan garuruwa lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Amma a daji maƙwabta ne ke fara isowa. Ya kamata kowane gida ya adana lambar maigari, da ta majo na gidan likita, da ta mai amalanke ko mai mota. A kira majo tun kafin a tashi. Shi ne zai ce a zo wurinsa, ko ya nemo motar ɗaukar marasa lafiya ta tarye ku a bakin hanya.

Yadda ake ɗauka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ajiye ƙyaure ko faffaɗan katako kusa da majinyaci. Mutum ɗaya ya riƙe kai da hannu biyu, shi ne kuma mai ba da umarni. Sauran su jeru: ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafafu. In mai riƙe da kai ya ƙirga uku, a juya shi gefe a tare, a tura ƙyauren, a mayar da shi a hankali. A naɗe tufa a sa kowane gefen kai. A ɗaure goshi, ƙirji, ƙugu da ƙafafu a jikin ƙyauren.

Wasu suna ƙyamar a ɗauki mai rai a haka, wai ya yi kama da makara. Mu bar wannan tunani. Ƙyauren nan ne ke tsare masa ƙafafunsa.

A shimfiɗa ciyawa mai kauri ko katifa a amalanke, a ɗora ƙyauren. A tafi sannu, ana kauce wa ramuka. Wani ya zauna wajen kansa yana yi masa magana. Babur ya dace da mai raunin hannu wanda ke cikin hankalinsa. Bai dace ba ga wanda ya bugu a baya ko wuya, ko ya karye a cinya, ko ya suma.

A tafi da dangi biyu ko uku masu ƙoshin lafiya, ko za a bukaci jini. Ba da jini ba ya raunana mai lafiya, jiki yana mayar da shi.

Likita ko maɗori?

Gidajen likita hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin ɗakin lafiya na ƙauye. Sama da shi akwai wanda ake kira CSI. Sannan asibitin gunduma, sannan manyan asibitoci na Maraɗi, Tawa, Damagaram da Yamai. A jihar Tawa akwai kuma asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. In majo ya tsayar da jini, ya yi allurar tetanos, ya ba da takarda ya ce a wuce gaba, to a wuce. Ba kora ba ce. Hoton ƙashi da aikin tiyata a can suke.

Maɗori mutum ne da jama'a suka sani, suka yarda da shi. Amma hannunsa ba ya ganin abin da hoto ke gani. Kada a fara kai masa karayar da ƙashi ya fito, ko ta baya da wuya, ko ta cinya da ƙugu, ko wadda ta shiga mahaɗa.

Babban hatsari shi ne ɗauri mai tsanani. Gaɓar da ta karye tana kumbura. In kara ya matse ta, jini ba ya wucewa. Cikin awa 6 nama yana iya fara mutuwa. Daga nan gaɓa ta yi baƙi, ta ruɓe, sai yankewa. Garin neman gira an rasa ido. In yatsu sun yi sanyi, ko sun canza launi, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin nan take a nufi asibiti. Haka ma in ɗaurin siminti na asibiti ne ya matse, a koma a ranar.

Jinya a gida

Ranar sallama daga asibiti, aiki ya dawo hannun iyali. Ƙashin babba ba ya saurin haɗewa kamar na yaro. Karayar hannu tana ɗaukar mako 6 zuwa 8, wani lokaci fiye. Ta ƙwauri ko cinya tana ɗaukar wata 3 zuwa 6. Wanda ya yi gaggawar taka ƙafa don shuka ta zo, yana iya rasa damana biyu maimakon ɗaya.

Abinci: ƙashi yana bukatar abin gini. A ba shi wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi ko nama in an samu. Ganyen kuka da zogale suna da amfani ƙwarai. Taba tana jinkirta haɗewar ƙashi, a bar ta.

Magani: a shanye wanda likita ya rubuta har ƙarshe. A guji ƙwayar Tramol ta masu talla a kasuwa. Tana ɓoye zafi, mutum ya taka karayar da ba ta haɗe ba, kuma tana kama jiki har a kasa bari.

Juyawa: wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi kowace awa 2, dare da rana. In ba haka ba, gyambon kwanciya zai fito a ƙugu, a gindin baya da diddige. A duba fatar kullum. Shimfiɗa ta zama busasshiya, mai laushi, ba tsakuwa ba yashi.

Ruwa da tsabta: ya sha ruwa sosai, musamman wanda aka sa wa robar fitsari. Wajen wanka da kewayawa, a kiyaye mutuncinsa. Ɗa namiji ko ƙane ya kula da uba, ɗiya mace ko ƙanwa ta kula da uwa. A sa labule.

Motsa jiki: gaɓar da ba ta motsi tana ƙagewa. A koyi irin motsin da ma'aikatan asibiti suka nuna, a riƙa yi kullum. A koma ranar da aka rubuta a takarda, ko da ana ganin sauƙi.

A koma asibiti da gaggawa in an ga zazzaɓi, ko mugunya da wari a rauni, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko muƙamuƙi ya fara ƙagewa.

Zuciyar majinyaci da zaman gida

Mutumin da ya saba ciyar da gida, yau shi ake ciyarwa. Wannan yana yi masa nauyi fiye da karayar. Wani yakan yi shiru, ya ƙi abinci. Wani ya riƙa faɗa ba dalili. Wani ya riƙa mafarkin faɗuwar. A yi haƙuri da shi. A fito da gadonsa inuwa inda abokai za su zauna da shi. A riƙa shawartarsa kan iri, kan rumbu, kan dabbar da za a sayar. Ƙafarsa ce ta karye, matsayinsa yana nan. In baƙin cikin ya daɗe har ya ce gara mutuwa, a gaya wa likita.

In uwa ce ke kwance, a raba aikinta. Kada a tara daka, ɗiban ruwa da raino a kan yarinya ɗaya. In tana shayarwa, a riƙa kawo mata jaririn, a kuma gaya wa likita tana goyo kafin ya rubuta magani.

Yaron da hatsarin ya faru a gabansa shi ma yana bukatar lallashi. Kada a ce masa shi ya jawo. A yaba masa da ya kai labari.

Gona kuma kada ta kwana. A kira gayya don shuka da noma. A sanar da ɗiyan gidan da suka tafi ci-rani tun da wuri. Kafin a jinginar da gona ko a sayar da shanun huɗa, a zauna da dangi a duba wata hanya. Ƙauyen da ke da asusun gaggawa, kowane gida yana zuba ɗan abu bayan girbi, ba ya tsayawa neman kuɗin mai da tsakar dare.

Rigakafi ya fi magani

A yi amfani da doguwar ƙugiya daga ƙasa duk inda za ta isa. Kada a hau icce cikin iska, ko bayan ruwan sama, ko da almuru, ko ana jin jiri. Reshen kuka yana da kauri amma ba shi da ƙwari. Busasshen reshe ba abin takawa ba ne. A hau hannu sake, a jawo gatari da igiya. Dattijo ya bar wa matasa hawa. Kada mutum ya tafi daji mai nisa bai faɗi inda za shi ba, da lokacin da zai dawo. A tambayi majo game da allurar rigakafin tetanos. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da taimakon gaggawa, kuma ya kyautu kowane ƙauye ya sami waɗanda suka koya.

Iyaye, ku zaunar da yaran da ke raka ku daji. Ku koya musu abu huɗu: kada a tayar da wanda ya faɗo, a danna inda jini ke fita, a yi masa inuwa, a kai labari da sauri. Yaro mai shekara 10 yana iya riƙe su. Ku gwada da su a tsakar gida, da ƙyaure da kallabi, tun ana lafiya.

Allah ya kiyaye mu, ya ba marasa lafiya sauƙi.